Kafin ka ƙara wani sikirif a shafinka, karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan kwamfuta da ke fama da furojet a nan UNIMAID da Ramat Poly.

Makon jiya wani ɗan ajinmu ya same ni a hostel da dare, ido jajir, saura kwana uku ya yi difens. Shafin da ya gina na rajistar marasa lafiya jiya yana aiki lafiya ƙalau, yau menu ya ƙi buɗewa, hotunan da ke juyawa sun tsaya cak. Ya rantse bai taɓa komai ba, kalanda kawai ya ƙara daga wani bidiyon YouTube. Da muka buɗe fayil ɗin, sikirif 11 muka ƙirga, kuma jQuery sau biyu: ɗaya a sama wanda ya zo da tamfilet, ɗaya tsoho a ƙasa wanda ya zo da kalandar. Na biyun ya hau kan na farko, duk abin da aka rataya wa na farkon ya ɓace. Layi ɗaya muka goge, komai ya dawo.

Ra'ayina, ko da zai ɓata wa wasu rai: yawancin abin da muke kira "kod ya lalace" mu ne muka tara abin da ba mu san aikinsa ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ku ɗauki shafin intanet kamar allon ɗakin lacca. Allo ɗaya ne, duk sikirif ɗin da ka saka a kansa yake rubutu. Idan ɗaya ya ajiye wani abu da suna total, wani ma ya zo ya yi amfani da total, na ƙarshe ne zai goge na farko, kuma burauza ba lallai ta ce maka uffan ba. Haka alamar $ take. jQuery, wanda John Resig ya fitar a 2006, da ita yake aiki, amma Prototype da MooTools ma suna amfani da ita. Shi ya sa aka tanadi jQuery.noConflict(), wato jQuery ya saki alamar, ka riƙa kiransa da cikakken sunansa.

Rigima ta biyu ita ce window.onload. Gurbi ɗaya ne tak. Sikirif biyu suka sa aikinsu a ciki, na ƙarshe kawai zai gudana. Yi amfani da addEventListener, shi yana karɓar kowa a layi ba tare da ya kori wani ba.

Ta uku, wa ya riga wa. Bootstrap 4 yana buƙatar jQuery ya riga shi shigowa, in ka juya tsarin maɓallai za su mutu. Bootstrap 5 da ya fito a 2021 kuwa ba ya buƙatar jQuery kwata-kwata, amma har yanzu za ka ga mutum ya haɗa 4 da 5 a shafi ɗaya saboda bidiyo biyu daban ya kalla. Sannan in sikirif ya gudana kafin maɓallin da yake nema ya bayyana a shafin, ba zai same shi ba. Sa defer, ko ka kai shi ƙasan shafin. Ka kula, defer yana kiyaye jeri, async kuwa wanda ya riga sauka shi ke fara gudana.

To ya ake gano mai laifi? Danna F12 a Chrome ko Firefox, shiga Console, karanta jan rubutu na farko. Yana gaya maka sunan fayil da lambar layi. In ka ga "is not a function" bayan ka ƙara wani abu, fara zargin jQuery biyu ko jeri mara kyau. In bai fito fili ba, kashe sikirif ɗaya bayan ɗaya, kana sabunta shafin, har ka kama shi. Kod ɗinka kuma ka killace shi cikin aikinsa, ko ka sa type="module", don sunayenka su daina yawo a allon kowa.

Na san abin da za a ce: "Malam, ba wuta, data ta yi tsada, ga zafin Maiduguri, wa ke da lokacin karanta kod?" Gaskiya ne, ni ma a caji-senta nake cika laptop. Kuma aron kod ba laifi ba ne, manyan kamfanoni ma suna yi. Amma tsadar datar ce ma dalilin da ya sa ya kamata mu rage. Duk fayil ɗin banza da ka bari, mai buɗe shafinka da ƙaramar waya a Bama ko Monguno shi zai biya kuɗin sauke shi. Haka in ka tambayi ChatGPT guntu-guntu, bai ga sauran shafinka ba, zai iya sake ba ka abin da kake da shi.

Wani abu kuma: in sikirif ɗinka daga intanet yake ɗaukowa, ranar difens in sabis ya ɗauke shafinka zai zama gawa a gaban malamai. Sauke fayilolin ka ajiye su cikin foldar aikinka tun yanzu.

Ranar nan malami zai iya nuna layi ɗaya ya ce "wannan me yake yi?" Duk layin da ba za ka iya amsa wannan tambaya a kansa ba, ko dai ka zauna ka fahimce shi yau, ko ka cire shi.

Wanda nasa ya rikice ya ajiye hoton Console a ƙasa, mu duba tare. Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa mu fita lafiya.