Bindigar kaboyi, ƙirar Italiya

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan kaboyi ya san bindigar nan mai liba, wadda maharbi ke danna ƙarfen da ke ƙarƙashin kunama zuwa ƙasa, kwanson da aka harba ya fice, ya mayar da shi sama, sabon harsashi ya hau. Yau a Amurka dubban mutane na mallakarta suna harbawa a ƙarshen mako, amma mafi yawan abin da ke hannunsu sabuwar ƙira ce da aka kwaikwayo daga tsohuwa.

Ta asali ta yi tsada, ta kuma tsufa. Bindigar Henry ta 1860 ba ta wuce guda 14,000 ko kusa da haka ba da aka ƙera, harsashinta ma an daɗe da daina yin sa. Mai irin wannan ba zai kai ta fili ya lalata dukiyarsa ba. Sai kamfanin Uberti, wanda aka kafa a 1959 a arewacin Italiya, ya cike giɓin. Ita kuwa Winchester 1873 da ake sayarwa yanzu da sunan Winchester, kamfanin Miroku na Japan ke ƙera ta, domin masana'antar New Haven ta rufe tun 2006.

Ba na raina masu wannan sha'awa. Harbi da irin wannan bindiga yana koya wa mutum natsuwa. Harsasan suna jere ne a bututun da ke ƙarƙashin baki, kan wannan yana taɓa gindin wancan, shi ya sa ake amfani da masu faffaɗan kai, gudun kada mai tsini ya tayar da na gabansa. Maƙullin cikinta kuma tsohon tsari ne da ba ya son harsashi mai matsanancin ƙarfi. Ƙungiyar SASS, wadda aka kafa a 1987, har sharaɗi ta sa cewa mai shiga gasa ya sa tufafin wancan zamani, ya kuma zaɓi laƙabi.

A nan ne nake da ja. Ƙarfen an kwaikwaye shi daidai, amma zamanin da ake rayawa na Hollywood ne, irin na fim ɗin Winchester '73 na 1950. Kirarin da ake yi mata, wai ita ce ta ci Yamma da yaƙi, 'yan talla ne suka yayata shi bayan an gama yaƙin. Rundunar sojan Amurka ba ta ɗauke ta a matsayin makaminta ba. A yaƙin Little Bighorn na 1876, sojojin Custer Springfield mai cin harsashi ɗaya suka riƙe, yayin da mayaƙan Lakota da Cheyenne da dama ke riƙe da Henry da Winchester, kuma su suka yi nasara a ranar. Shekara guda bayan haka, sojojin Daular Usmaniyya suka yi wa Rashawa mummunar ɓarna da Winchester 1866 a Plevna, cikin Bulgeriya ta yau.

Hujjar masu gasar ita ce wasa suke yi, ba darasin tarihi ba. Na yarda wasa ne. Sai dai ƙasar da ake cewa an ci tana da masu ita, jikokinsu na nan da rai a Dakota da Montana, kuma kakanninsu sun harba wannan bindiga kamar yadda kaboyi ya harba.