A'a Malam, Bond Bai Bi Fleming Kabari Ba

Malam, ka rubuta cewa duk littafin James Bond da ya fito bayan rasuwar Ian Fleming a 1964 jabu ne, neman kuɗi kawai. Ban yarda ba, kuma raina ya sosu da irin wannan kuɗin goro.

Ka karanta Colonel Sun kuwa? Kingsley Amis ya fitar da shi a 1968 da sunan aro, Robert Markham, bayan ya wallafa littafi guda na nazarin Bond. Azabar da ake gana wa Bond a ƙarshensa ta tsuma ni fiye da The Man with the Golden Gun, na Fleming kansa, wanda ya fito a 1965 bai samu damar gyara shi ba.

John Gardner kam na bar maka shi. Ya ɗora Bond a motar Saab a 1981, ya yi ta jan zaren har 1996, gajiyar kuwa ta nuna.

Amma me za ka ce da Solo na William Boyd, na 2013? A Akra aka haifi Boyd, ya kuma tashi tsakanin Gana da Najeriya. Ya mayar da Bond shekarar 1969, ɗan shekara 45, ya tura shi Zanzarim, ƙagaggiyar ƙasa mai arzikin man fetur da yaƙin basasa, wanda kowa ya san yaƙin Biyafara ake nufi. Bond ya tarar da yara masu kumburarrun ciki don yunwa, abin ya tsaya masa a rai. Nuna min shafin da Fleming ya kalli Afirka da irin wannan ido.