Idan Abokin Ɗaki Ya Ƙi Biyan Rabonsa

Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Duk wanda ya rasa gado a jami'a ya kama haya a Samaru ko Kabuga ya san haka. Mukan haɗu mu biyu ko uku mu raba kuɗin haya, da na wuta, da na mai ruwa. Wata na fari lafiya lau. Kafin na uku sai ɗaya ya soma cewa kuɗin gida ba su iso ba, alhali kuwa ga shi da sabon takalmi. Mai gidan haya babu ruwansa da wannan; wanda ya sa hannu a takarda shi zai riƙe.

Abin takaici, hanyoyin da muka fi bi su ne mafi muni. Wani ya ƙwace wayar abokinsa, wani ya watsa masa kaya waje, sai mai bin bashi ya koma mai laifi. Wani kuma ya ruga caji ofis. To, 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai.

Lalle sulhu ne farko, a gaban mai unguwa ko wani babba da dukanmu muke jin nauyinsa. In ya faskara, akwai kotun shari'ar Musulunci, inda hujja ke kan mai ƙara, rantsuwa kuwa kan wanda ya musa. Har wa yau akwai kotun ƙananan basussuka, wadda aka fara a Legas a 2018, Kano ta bi a 2019. An tsara ta yadda mutum zai tsaya da kansa ba lauya, a yanke hukunci cikin kwana 60, bayan ya aika wa abokinsa takardar neman biya.

Amma fa alƙali ba ya duba. Me za mu nuna masa? Nan ne kunya take cutarmu. Muna ganin abin kunya ne a ce wa ɗan garinmu ya sa hannu, kamar an kira shi macuci. Mun manta aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ko saƙon waya da shaidar tura kuɗi ta banki kotu tana iya karɓa, bisa Dokar Shaida ta 2011. Saura mu daina gogewa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su buga 'yar takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, a raba a farkon kowace shekarar karatu: sunayen mazauna ɗaki, rabon kowa, ranar biya, shaidu biyu, da abin da za a yi in wani ya tashi kafin haya ta ƙare.