Daga Alhilla Kuku: Jiki ma sai ya koyi rana

Zancenmu na wannan mako a kan zafi ne, kuma da laifina zan fara.

Shekarun baya ɗan yayata ya zo mana daga Jos a watan Mayu, lokacin da zafin Khartum ke haura digiri 40 da rana. Washegari maigida ya tafi da shi rumfarsa a kasuwar Omdurman, ni ma har da zuga: "Namiji ne ai, ya je ya koyi nema." Kafin la'asar aka dawo da shi ranga-ranga, jiki kamar garwashi, yana sambatu. A asibiti likita ta tambaye ni kwanansa nawa a gari. Na ce biyu. Ta girgiza kai kawai.

Abin da na fahimta daga baya shi ne wannan. Jikinmu ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kowace cike da furotin masu yi mata aiki. Kowane furotin yana da irin naɗinsa, kamar rawani; in naɗin ya warware, aiki ya tsaya. Zafi kuwa warware shi yake yi. Ku dubi farin ƙwai a kasko: da ya ji wuta sai ya daskare, ba ya komawa ruwa.

Amma Allah bai bar ƙwayar haka ba. A 1962 wani masani a Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa da zafi ya ƙaru wa 'ya'yan wani ƙaramin ƙuda, sai wasu sassan gadon halittarsu suka farka suka kama aiki. A 1974 aka gano abin da suke ƙerawa: wasu furotin na musamman, fitacce cikinsu HSP70. Aikinsu su riƙe furotin da ya fara warwarewa, su hana shi cuɗewa da 'yan uwansa, su taimaka ya sake naɗuwa.

Abin mamaki, kuɓewar da ke tsakar gidana da dawar abu sab'in da ake yanko wa shanun madara a nan Kuku su ma suna da irin waɗannan 'yan gyara. In ƙasa ta bushe kuma, shuka na ƙara wani sinadari, ABA, da ke rufe ƙananan ƙofofin ganye don kada ruwa ya tsere. Shukar da ta ɗanɗani zafi kaɗan tukuna ta fi jure babban zafi. Shi ya sa mai lambu ba ya ɗauko dashe daga inuwa ya dasa shi da tsakar rana.

To, mu abin da ba za mu yi wa dashe ba shi muka yi wa yaro. Jikin mutum na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinsa ya ragu, 'yan gyaran nan su yawaita. Kuma sabon ba ya dawwama. In ka yi makonni a wuri mai sanyi, sai ya fara gushewa. Wannan ya shafi 'yan uwa da yaƙin Afrilun 2023 ya kora zuwa Kampala ko Adis Ababa, in sun tashi komowa. Haifaffen gari ma baƙo ne a makon farko.

Don haka, Alhazai, a kwanakin farko ku bar baƙo ya yi aikin safe, ya huta daga azahar, a ƙara masa kaɗan-kaɗan. Randa ta kasance kusa. Wanda kuka ga ya rikice ko yana surutai, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a garzaya asibiti. In bai cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki.

Yaron nan ya warke, yau yana da rumfarsa. Ni ce dai har yanzu nake jin kunyar haɗa ido da yayata in zancen ya taso.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.