Wayar da ke kai kuɗi gida, ta kai ilimi ma

Jama'ar Sabo, manomi a ƙauye ba ya sauya yadda yake aiki don ya ji a rediyo. Sai ya ga maƙwabcinsa ya gwada ya ci riba, ko ɗan'uwansa da ya yarda da shi ya ce masa yi. A gidaje da yawa, wannan ɗan'uwan mu ne, mu da ke Ibadan muna aika kuɗin taki. To me muke aikawa ban da kuɗi?

Dubi zancen wake. Ta bakin 'yan kasuwa da dillalai al'adar zuba fiya-fiya a buhu ta bazu, wani ya gaya wa wani, har ta zama ruwan dare. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar wannan maganin. Turawa sun ƙi ci, mu kuma muna auna shi a Bodija, matanmu na yin ƙosai da alale da shi. Wannan cin amanar mai saye ne, kuma za a tambaye mu.

Alhali mafita na nan. Buhun PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, an fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu, ba ko ɗigon magani. Cibiyar IITA da ta taimaka wajen yaɗa shi tana nan garin tare da mu tun 1967. Mu nawa muka taɓa tambaya?

Wani zai ce buhun da tsada. Haba Alhaji! In ba a huda shi ba, ana sake amfani da shi, kuma wanda ya ajiye wake lafiya har farashi ya tashi ya mayar da kuɗinsa.

Kullum rukunonin WhatsApp ɗinmu cike suke da jita-jita da hotunan biki. Bana kafin kaka, kowa ya aika wa ƙanensa buhu biyu, a ɗaure a gaban jama'a, bayan wata huɗu a kwance a gabansu. Shugabannin 'yan hatsi kuma su ƙi karɓar waken da ke warin magani. In mai saye ya ƙi, mai zubawa zai daina.