Furojek ɗin da ba ya tashi sai a hannun mai shi, ba a gama shi ba

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a fara jifa na.

Baffana da ke Zungur idonsa ya yi rauni sosai. Ba ya ganin agogo, waya kuma sai an danna masa. Da na fara mastas sai na ce bari in haɗa masa wani abu. Na samo Raspberry Pi 4, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi katin ATM faɗi ba, na jona mata makirfo da ƙaramar sifika, na ɗora manhajojin kyauta irin waɗanda masu su suka bari a buɗe kowa ya duba ya gyara. Ka ce "ƙarfe nawa?" ta faɗa maka da Hausa. In lokacin shan magani ya yi ta tuna maka. Jimloli goma sha biyu kacal take ganewa, amma ba ruwanta da intanet. Da na nuna ta a sashenmu har tafi aka yi mini, kaina ya ɗan kumbura.

Abu biyu ne suka sauke ni.

Na farko, wani ƙanena ɗan aji uku ya ce, "Yaya, don Allah ina so in haɗa wa kakata irinta." Na tura masa shafina na GitHub na ce komai na nan. Bayan kwana huɗu ya dawo, datarsa ta ƙare, ya ce, "Yaya, wallahi ta ƙi." Na karɓa da niyyar in nuna masa kuskurensa, sai ga shi ni ma na kasa tayar da ita a sabon katin memori. Ashe akwai gyare-gyaren da na yi ta yi cikin dare watanni shida baya, ban rubuta ko ɗaya ba, kuma na manta su.

Na biyu ya fi ciwo. Mako guda da kai wa Baffa na'urar, ya sa aka kira ni: "Kai ɗan nan, abin nan naka ya ce ƙarfe goma na safe, alhali mun yi la'asar. Shi ne ke ƙarya ko rana ce ta ɓata hanya?" Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batiri a jikinta, daga intanet take samun lokaci. In an ɗauke wuta an dawo da ita kuma babu intanet, sai ta ɗora daga inda ta tsaya. A lab ɗinmu akwai intanet, shi ya sa ban taɓa lura ba. Ku tuna fa, da wannan agogon take tuna wa dattijo maganin hawan jini. Gyaran bai da wuya: ɗan ƙaramin agogo mai suna DS3231 da batirinsa, sai pawa banki, sai kulle katin memorin yadda ba za a riƙa rubutu a kansa ba, domin ɗaukewar wuta kwatsam tana lalata kati. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan a rahoton da na rubuta.

Ga abin da nake son faɗa. Mu ɗaliban Arewa mun iya haɗa abu ya yi aiki sau ɗaya, ranar difens, a gaban malamai. Abin da ba mu ɗauka da muhimmanci ba shi ne ƙunshe aikin yadda wani zai ɗauka ya kunna ba tare da ya nemi lambarmu ba. Mai ƙosai ma ba ta cewa ta yi ciniki don ƙosai ya soyu a kasko, sai ta ƙulle shi ya isa hannun mai saye.

Ƙunshewar da nake nufi ba wani abin mamaki ba ce. Fayil guda ɗaya, wanda ya haɗa tsarin kwamfutar da manhajar da muryoyin gaba ɗaya, mutum ya zuba shi a kati da Raspberry Pi Imager, ya soka, ya kunna, ta yi magana. Ba sai ya sauke komai ba. Sai shafi ɗaya na bayani da Hausa: ga kayan da za ka saya, ga inda kowace waya ke shiga, ga abin da za ka yi in ta yi shiru. Sai lambar fitowa, don a san wanne ne sabo wanne ne tsoho. Sai lasisi da ya faɗa ƙarara cewa an yarda a kwafa a gyara.

Ku dubi Mycroft. Wani kamfani ne a Amurka da ya yi mataimakin murya na kyauta, har ya fitar da fayil na musamman don Raspberry Pi mai suna Picroft. A 2023 kamfanin ya durƙushe, ya daina aiki. Amma aikin bai bi shi kabari ba, domin a buɗe yake kuma da lasisi, sai masu sa kai suka ci gaba da shi da sunan OpenVoiceOS. Mu kuwa, furojek nawa ne suka mutu ranar da mai su ya tafi bautar ƙasa da laftof ɗinsa?

Batun rabawa kuma, kada mu kwaikwayi Turawa ido rufe. Su hanyarsu ita ce "sauke daga intanet", domin data ba ta dame su ba. Mu muna da tamu hanyar tuntuni. Fim ɗin Kannywood ya fito yau, gobe yana wayar mutumin ƙauye, ta hannun masu turi da Xender da katin memori. Me zai hana fayil ɗinmu ya bi wannan hanyar? Mutum ɗaya ya sauke, ashirin su kwafa a hostal, a ajiye kwafi wajen mai gyaran waya a Wunti. Sai dai a haɗa da lambar tantance fayil, don wanda ya karɓa ya tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba.

Akwai kuma nauyin da babu mai ɗauke mana, wato harshe. Whisper da OpenAI ta saki a 2022 ta lissafa Hausa cikin harsuna kusan ɗari. Amma da na gwada ƙaramar, wadda Pi za ta iya ɗauka, shirme ta riƙa rubuto mini, babbar kuma ta kai kusan giga uku, ta fi ƙarfin na'urar. Dole na koya wa tawa da muryata da ta abokaina na hostal. Sakamakon? Tana jin samari, amma matar Baffa sai ta maimaita sau uku. Shi ya sa nake roƙon ku shiga Common Voice na Mozilla, akwai Hausa a ciki, ku karanta jimloli. 'Yan uwa mata musamman, da masu Bausanci da Guddiranci, kada na'ura ta tashi da jin Kananci kaɗai. In kuma za ku naɗi muryar iyaye da kakanni, ku gaya musu inda za ta, su yarda tukuna.

Na san abin da wasu za su ce. "Za a sace mini aiki." Ɗan uwa, aikin da ke ɓoye a laftof shi ya fi sauƙin sata, don babu shaidar naka ne. Wanda aka saki da sunanka da kwanan wata, duniya ce shaidarka. Wasu za su ce ba a ba da maki a kan wannan. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin ya kamata malamanmu su ƙara sharaɗi ɗaya: a ba ɗan aji biyu kati da takardar bayaninka, ka fita waje. In ta tashi, ka ci. Wasu kuma za su ce Pi ta yi tsada. Nan kam ban da ja. An fito da ita a 2012 a kan dala 35 don yara su koya, amma da canjin yanzu ta zama kayan gabas a wajen ɗalibi. Sai dai wannan ma hujjata ce: wanda ya tara kuɗi da ƙyar ya saya, bai kamata ya sake ƙona data da kwana huɗu a kan sakacina ba.

Na sake ƙunshe tawa daga farko, mako uku ya ɗauke ni, ya fi wahala kuma ba tafi. Ƙanen nan nawa ya zuba ta a kati, cikin rabin awa ta gaishe shi. Baffa kuma ya daina tuhumar rana.

Ranar Asabar bayan la'asar zan zauna da ita a hostal. Wanda ke so ya zo da katin memori mai giga 16, babu komai a ciki. Wanda kuma ya ga kuskure a maganata, ya zo da hujjarsa, shayi na kaina.