WA ZAI BIYA KUƊIN ƘARO ILMIN NAS?

Ran Jumma'a 6 ga watan Mayu 2022 'yan bindiga suka auka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe cikin ƙasar Bakura. Hukumar Bakura ta ƙidaya gawa 48, guda 32 a Damri kaɗai, har da majiyyatan da aka iske kwance a asibitin garin. Cikin watan Agusta 2025 kuma aka koma Sabon Garin Damri aka kora mutane masu yawa daji. Waɗanda suka mutu an san adadinsu. Waɗanda ba wanda ya ƙidaya su ne waɗanda suka tsira da rai amma hankalinsu bai dawo daidai ba: matar da ba ta runtsawa da dare, yaron da in ya ji ƙarar babur sai ya ruga gindin gado, magidancin da ya biya kuɗin fansa ya dawo gida ya daina magana da kowa. Waɗannan marasa lafiya ne, kuma ciwonsu yana da magani. Tambayarmu ita ce, wa zai duba su, da wane ilmi kuwa?

Kada a ce likita. Likitocin ciwon hankali da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, galibinsu kuwa suna manyan birane. Mutumin Damri da ke neman asibitin da aka keɓe wa wannan ciwo sai ya fita bakin titi, ya ratsa Sakkwato, ya wuce Kware. Ku 'yan kasuwa kun san abin da wannan tafiya ke ci, kuɗin mota na mutum biyu ko uku, domin mai taɓin hankali ba ya tafiya shi kaɗai, ga kuma kwanakin da aka rufe rumfa. Saboda haka akasarin mutane ba su zuwa. A kai wurin mai ruƙiyya, in ya ƙi sauƙi a sa shi a mari a bayan ɗaki.

Wanda zai iya isa ƙauye shi ne nas. Ba kowane nas ba, wanda ya gama karatun jiyya na shekara 3, sa'an nan ya ƙara kwas na musamman kan ciwon hankali a makarantu irin na Kware, ko Barnawa ta Kaduna, ko Aro ta Abeokuta. A Amurka irin wannan ma'aikaci ya kan ƙara karatu har digiri na biyu, doka ta ba shi ikon duba majiyyaci da rubuta magani. Mu nan ba a ba shi wannan suna ba, amma aikin yana kansa, gama inda ba likita shi ne likita. Tun 1991 Gwamnatin Tarayya ta rubuta cewa kula da lafiyar hankali yana cikin aikin ƙananan asibitocin karkara. Takarda ta faɗi, amma takarda ba ta duba mara lafiya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ilmin magani ba kamar awon mudu ba ne da in ka koya yau shi ke nan har tsufa. Yana sakewa. Bari mu kawo misalai, domin kada a ce muna maganar iska.

Da, in mutum ya ga tashin hankali ya kasa barci, abin da hannu ke fara kaiwa shi ne Valium. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa kada a ba da irin wannan ƙwaya domin firgitar da ke biyo bayan masifa cikin watan farko, gama ba ta warkar da firgitar, kuma mutum ya kan saba da ita har ya kasa rabuwa. Abin da a ke so shi ne a saurari mutum ba tare da tilasta masa ba da labari ba, a haɗa shi da danginsa, a koya masa hanyoyin kwantar da zuciya, a kuma riƙa bibiyarsa. Nas ɗin da ya bar makaranta kafin wannan shekara, ba wanda ya sake kiransa kwas, yana nan yana rabon Valium da kyakkyawar niyya, a ƙasar da firgita ta zama ruwan dare.

Akwai maganin farfaɗiya da a ke kira Epilim, ana kuma ba masu ciwon hawa da saukar hankali. Magani ne mai kyau, amma yana iya nakasa jariri a ciki. A 2023 Hukumar nan ta ce kada a rubuta wa mata da 'yan mata da ke cikin shekarun haihuwa. A garuruwanmu da a ke aurar da yarinya da wuri, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Wa ya kai shi Bakura?

Ga kuma alluran nan da ƙwayoyi irin su Largactil da Haldol, waɗanda suka taimaka wajen kwance mutane daga turu a duniya tun bayan 1952. Wani lokaci su kan sa wuya ya murɗe, harshe ya zazzalo, ido ya kafe sama. Dangi su gani su ce ai ga shi nan, iska ce ta tashi, su ɗauke mara lafiya su watsar da magani. Alhali ƙwararren nas zai gane alamar nan da nan, ya rage awo, ya ba da makarinta. Makarin kansa, watau Artane, samari sun mai da shi abin maye, don haka sai an san yadda a ke bayarwa. Ba mu ma taɓo taramol da kodin ba, waɗanda suka cika kasuwanni bayan da yawa daga nas-nas ɗinmu sun gama karatu. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa suka yi a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna shan kayan maye, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a jihohin arewa maso yamma. Cikin watan Mayu 2018 Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Hanawa mai sauƙi ce. Wanda zai riƙe yaro sa'ad da jikinsa ke ɓari don rashin ƙwaya, wannan sai an koya masa.

Za a ce mana ai akwai tsari. Gaskiya ne. Majalisar Ma'aikatan Jiyya da Ungozoma ta Nijeriya ba ta sabunta lasin nas sai ya nuna shaidar ya halarci kwas na ƙaro ilmi. Doka ce mai kyau, ba mu ƙi ta ba. Amma ku dubi yadda ta ke faɗa wa ma'aikacin karkara. Sau da yawa daga aljihunsa zai biya kuɗin kwas, da kuɗin mota zuwa birni, da masauki. In shi kaɗai ne a asibitin, ranar da ya tafi an rufe ƙofa. Kuma tun da abin da a ke nema satifiket ne, kowane kwas ya samu kusa shi zai shiga, ko da ba ruwansa da ciwon hankali. Lasin ya sabunta, ilmin yana nan inda ya ke. An yi wanka an koma cikin tsohuwar riga.

Waɗansu kuma sun ce a yi ta waya, ta intanet, ba sai an yi tafiya ba. Madalla, inda waya ke kamawa. Amma ba mu manta ba cikin watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Wanda ya shirya karatun nas ɗin Damri bisa intanet kaɗai bai taɓa hawa tudu yana neman sabis ba.

Babbar hujjar masu riƙe da jaka ita ce, in mun horar da su sai su tsere ƙasashen waje. Lalle suna tafiya. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jiyya ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3. Amma mu tambaya, me ya kore su? Albashi, da tsaro, da kuma ganin cewa in ka zauna a ƙauye shekara goma ba abin da zai ƙaru gare ka, ko ilmi ko girma. Hana mutum karatu don kada ya gudu daidai ya ke da ɗaure mara lafiya don kada ya ɓata. Wanda aka ɗauko daga Bakura ko Maradun, iyayensa da gonarsa suna nan, aka kai shi Kware, aka ƙara masa matsayi bayan ya dawo, shi ne mai wuyar tashi.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce da muka aro wurin Turawa. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda masu ciwon hankali ke sauka gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, su zo asibiti da rana, nas-nas suna zagayawa suna duba su. Duniya ta zo ta koya, shi kuma ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A zamanin nan Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada a Jihar Osun: ƙwararru su horar da masu horarwa, su kuma su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da littafin jagora da Hukumar ta fitar a 2010. Abin da irin waɗannan gwaje-gwaje ke koyarwa shi ne kwas guda ba ya isa, sai da maimaici da mai zagayowa yana duba aiki. Nas ɗin ciwon hankali guda da ilminsa ke sabo zai iya zama malamin ma'aikata ashirin na karkara.

Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali tun 1916 zamanin mulkin Turawa, aikinta tsare mutum ne, ba warkar da shi ba. A 2019 muka ga abin kunya, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawa cikin sarƙa, daga baya aka sami irinsa a Daura. Cikin watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta ba mara lafiya haƙƙi, ta kuma tanadi asusu domin wannan aiki. Nas ɗin da aka horar ƙarƙashin tsohuwar doka yana bukatar a zaunar da shi a karanta masa sabuwar. Asibitocin karkara kuwa ba Abuja ke riƙe da su ba, jiha ce da ƙananan hukumomi.

Saboda haka maganarmu ga Ma'aikatar Lafiya da ke Gusau ta ke. Ta buga wa jama'a lissafi: nas nawa masu satifiket ɗin ciwon hankali ta ke da su, ina aka ajiye kowanne, yaushe rabonsa da kwas. Ta ɗauke musu kuɗin kwas, ta rubuta shi a fili cikin kasafin shekara yadda kowa zai gani. Maimakon a riƙa kiran mutum ɗaya ɗaya zuwa birni, a ɗauko malamai daga Kware su sauka babban asibitin Talata Mafara, ma'aikatan Bakura da Maradun su taru can, a kuma aika wanda zai riƙe asibitin ƙauye har mai shi ya dawo. In an koyar, a ajiye maganin a kantin asibiti, don kada nas ya rubuta abin da sai a Sakkwato za a samu.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku ne ke biyan kuɗin rumfa da na tasha kowace Talata a Mafara, kuna da bakin tambaya. Ku sa shugabannin ƙungiyoyinku su kai wannan magana gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, a rubuce, da kwanan wata. Duk amsar da suka bayar ku aiko mana, za mu buga ta a wannan shafi.